Tayar baya tana gogar bodi bayan an sauke tsohuwar mota: robar tokare ko wata hanyar?

Duk wanda ya sauke tsohuwar motarsa ƙasa don ta yi kyan tsayuwa ya san ƙarar nan da ke tasowa daga baya idan aka faɗa rami, ko aka sha kwana da ɗan gudu, ko mutum biyu suka zauna a kujerar baya. Taya ce ke gogar bodi. Shawarar da aka fi saurin bayarwa ita ce a sa robar tokare mai tsawo, wato bomstof, robar nan da ke tsakanin aksil (ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya biyu) da shasi wadda ke tare aksil kafin ƙarfe ya daki ƙarfe. Shawarar ba ta da laifi, sai dai rabin magana ce. Robar tokare tana hana taya hawa sama fiye da kima, amma ko milimita ɗaya ba ta matsar da taya gefe. Saboda haka kafin ka fitar da kuɗi, sai ka san ta ina gugar take.

Kuma kada a ɗauki abin da wasa. Bakin madigadi kaifi gare shi, gefen taya kuwa shi ne wurin da ya fi sirara a jikinta. Idan ya yanke har zare ya fito, ba a yi masa faci, sai dai a sayi wata tayar.

Gano inda take gugar

Ka cire taya ka leƙa cikin kogon madigadi da tocila. Inda fenti ya goge ƙarfe yana ƙyalli, ko inda baƙin roba ya manne, nan ne wurin. Idan alamar ba ta fito sosai ba, ka goga alli a kafaɗar taya da gefenta, ka zaga kan hanyar da kan jawo ƙarar, ka dawo ka duba inda allin ya koma.

Guga iri uku ce. Akwai ta sama, inda fuskar taya ke taɓa rufin kogon idan mota ta nutse. Akwai ta waje, inda bakin madigadi ke cin kafaɗar taya. Akwai kuma ta ciki, inda gefen taya ke taɓa shasi ko sifirin ko shokazoba. Ta farko ce kaɗai robar tokare ke warkarwa kai tsaye. Ta biyu takan rage ta. Ta uku ba ruwanta da ita.

Alama ɗaya tana da muhimmanci: idan gefe ɗaya ne kawai ke guga, ka zargi aksil ya karkace daga tsakiya, ko sifirin ɗin gefen ya gaji.

Gwajin da ya fi kowanne faɗin gaskiya shi ne a ɗora shasi a kan ƙafafun ƙarfe masu tallafe mota, a cire sifirin idan mai murɗi ne, a bar taya a ɗaure, sannan a ɗaga aksil da jak a hankali har taya ta taɓa. A nan sai a auna tazarar da ta rage tsakanin aksil da shasi, daidai wurin da robar ke zama. A yi haka tayoyi biyu tare, a sake yi gefe ɗaya sama ɗayan ƙasa. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A mota mai sifirin falle-falle gwajin ya fi wuya, domin sifirin ne ke riƙe da aksil. Wasu sukan bar babban fallen kawai su cire sauran, wasu kuma su loda but da nauyi har motar ta nutse.

Abubuwan da za a auna kowane zaɓi da su

Na farko, wace irin guga yake magancewa. Na biyu, nawa yake ci daga tazarar da aksil ke da ita ta motsawa sama, domin sauke motar ya riga ya cinye kaso mai yawa. Na uku tsada, na huɗu ƙarko, na biyar sauƙin aiki da ko ana iya mayar da motar yadda take. Ga mai tsohuwar mota mai daraja wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne, ƙarfen da aka yanke ba ya dawowa. Na shida haɗari, musamman yadda motar za ta yi a tsakiyar kwana.

Lissafin tsawon robar

A nan ne aka fi yin kuskure, don haka bari mu daɗe kaɗan. Abin da ke ceton taya shi ne tsawon robar bayan ta matse iya matsewa. Tsawonta a hannu ba ya gaya maka komai.

Ga misali da alƙaluma na kwatance. A ce mota tana tsaye, tazarar aksil da shasi milimita 75 ce, kuma taya ta taɓa bodi lokacin da tazarar ta koma 30. Ka ƙara kamar milimita 10 na kariya, saboda taya tana ɗan kumbura idan ta yi zafi tana gudu, gefenta kuma yana lanƙwasa a kwana. Ke nan robar, bayan ta gama matsewa, kada ta gaza milimita 40. Abin da ya rage wa aksil na motsi milimita 35 ne kacal.

Sai kuma abin da mutane da yawa ke mantawa: robar ba a kan taya take ba, tana can ciki. A ce faɗin da ke tsakanin tsakiyar tayoyin biyu milimita 1,450 ne, robar kuma tana milimita 250 ciki daga tsakiyar taya. Idan tayoyi biyu suka hau tare, motsin taya da na wurin robar ɗaya ne. Idan taya ɗaya ce ta hau tudu, milimita 35 a wurin robar ya zama kusan 42 a taya. Idan kuwa motar ta kwanta a kwana, gefe ɗaya ya nutse ɗayan ya tashi, sai ya kai kusan 53. Wannan ne dalilin da za ka ga mota ta wuce tudun rage gudu shiru, amma tana shiga harabar gida a karkace sai ƙara ta tashi. Wanda ya auna tayoyi biyu tare kawai, robar da zai saya za ta yi masa gajarta.

Haka nan dole robar ta tsayar da aksil kafin shokazoba ta ƙure. Ka ɗaura siririyar igiyar roba ta ɗaure waya a jikin sandar shokazoba, ka tura ta ƙasa, ka yi tafiya. Inda ka same ta daga baya shi ne iyakar nutsewar da aka yi. Idan ta ƙure can sama, shokazoba ce ke shan dukan, kuma ba za ta daɗe ba.

Robar asali

Yawancin tsofaffin motoci sun zo da dunƙulen roba mai kan tsini. Tana da araha, ɗaurinta noti ɗaya ko biyu ne, kuma ba ta sauya kamannin motar. Tsinin nan yana sa ta fara karɓar duka da ɗan laushi. Matsalarta shekaru: roba tana bushewa ta tsage, mai da zafin salansa suna cinye ta, kuma a mota mai shekara hamsin sau da yawa za ka tarar babu ita ma sam, sai farantinta. Idan haka ne, sabuwa irin ta asali kawai tana iya kashe ƙarar. Idan ta ɗan gaza, ana sa mata farantin ƙarfe ko na alminiyam a gindi a ƙara mata tsawo.

Masu sauke mota sukan yanke robar asali don aksil ya sami wurin motsi. Ga mai fama da guga, wannan juya baya ne ga magani: ka ba taya ƙarin hanya zuwa bodi, ka kuma yanke tsinin da ke kawo laushi.

Foliyuretan mai tauri

Foliyuretan wani nau'in roba ne da ake haɗawa a masana'anta. Kamfanoni irin su Energy Suspension da Prothane suna yin robobin tokare da shi a tsawo daban-daban, har da gajeru na motocin da aka sauke. Ba su da tsada, mai ba ya cin su kamar yadda yake cin roba, kuma suna daɗewa. Babban amfaninsu shi ne tabbas: ba sa matsewa sosai, don haka inda ka ce aksil ya tsaya nan zai tsaya.

Wannan taurin ne kuma aibinsu. A misalinmu na sama, idan ka sa mai milimita 50 da ke matsewa kamar 10, aksil zai yi tafiyar milimita 25 a sake, sannan ya ci karo da abu kamar bango. Za ka ji dukan a ƙugunka, kuma shasi mai tsatsa yana jin sa fiye da kai. Akan ga farantin da robar ke zaune a kai ya lotsa ko ya tsage. Abin da ya fi damuna shi ne kwana. Idan gefen waje ya sauka a kan roba mai tauri ana tsakiyar kwana, bayan motar yana yin tauri farat ɗaya, nauyi ya taru a kan tayar waje, sai bayan ya nemi zamewa. A motar da tayoyin baya ke tura ta, a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, wannan ba abin gwaji ba ne. Ra'ayina, foliyuretan mai tauri ya dace ne kawai da motar da ba ta kai wa gare shi sai jefi-jefi.

Foliyuretan mai soso

Wannan shi ne abin nan mai launin ɗorawa da ake gani a sandar shokazobar motocin zamani. Cikinsa cike yake da ƙananan ramukan iska. Cellasto na kamfanin BASF yana cikin sanannun irinsa. Yana matsewa fiye da rabin tsawonsa ba tare da ya baje gefe sosai ba, kuma ƙarfinsa yana ƙaruwa ne sannu a hankali: laushi da farko, tauri a ƙarshe. Masu ƙera motocin yanzu suna lissafa shi a matsayin wani ɓangare na sifirin, shi ya sa ake barin sa kusa da taɓawa tun mota tana tsaye.

Ga motar da tazararta ta yi ƙaranci, a ganina babu kamarsa. Mu koma misalin: soso mai milimita 45 da ke matsewa zuwa kamar 15, a kan gindi mai tauri na milimita 25. Jimla 70 a sake, 40 a matse. Aksil zai taɓa shi bayan milimita 5, amma sauran 30 ɗin zai yi su ne yana rage gudu a hankali, ba duka. Iyakar tafiyar ɗaya ce da ta mai tauri, jin motar kuwa ya sha bamban.

Wahalarsa biyu. Ba kasafai ake samun wanda aka yi takanas don tsohuwar mota ba, sai an yi masa ɗan kofi ko faranti da zai zauna a ciki, ya kuma sami shimfiɗaɗɗen wurin sauka a kan aksil, in ba haka ba ya goce gefe ya yage. Sannan yana tsufa: bayan shekaru yakan fara marmashewa, don haka a riƙa duba shi duk lokacin da aka cire taya. Kafin ka ɗaura, ka matse shi a injin matsi ka auna tsawonsa na ƙarshe da kanka.

Manyan robobin ɗaukar kaya da masu mai

Timbren da SumoSprings an yi su ne don motocin da ke ɗaukar kaya, suna zama a gurbin robar tokare su taya sifirin ɗaukar nauyi. Ga tsohuwar a-kori-kura ko wagon da ke guga sai an yi lodi, suna da amfani, muddin akwai wurin da za su shiga. A ƙaramar motar da aka sauke galibi babu. Masu aiki da mai da iskar gas kuwa, irin na Fox da King, kayan tseren daji ne: tsada, walda, da neman fili mai yawa. A wuce su.

Sauya rim ko taya

Idan gugar ta waje ce, tushen matsalar yawanci rim ne. Lambar ET da ke bayan rim tana nuna ofset da milimita, wato tazarar da ke tsakanin tsakiyar faɗin rim da fuskar da ake ɗaure shi. Idan lambar ta ƙaru da 10 a rim mai faɗi iri ɗaya, taya ta koma ciki da milimita 10. Kafin ka yi haka ka auna ciki, kada garin neman gira a rasa ido, taya ta bar madigadi ta koma cin sifirin. Idan akwai farantin tura rim waje da wani ya taɓa sawa, cire shi ne gyara mafi araha a duk jerin nan.

Rage girman taya ma yana aiki. Taya 225/60R15 tsayinta milimita 651 ne, 215/60R15 kuwa 639. Ka sami milimita 6 a sama da kusan 5 a kowane gefe. Agogon gudu zai riƙa nuna kusan kashi 2 cikin ɗari sama da yadda yake nunawa a da, motar kuma ta ƙara sauka da milimita 6. A tabbatar lambar ɗaukar nauyin sabuwar tayar ta isa. Hanya ce mai tsada idan har da rim, amma ba ta cin komai daga motsin aksil, kuma ana iya komawa baya.

Nannaɗe bakin madigadi

Akwai na'urar da ake ɗaurawa a mazaunin taya, tana da gargare da ke danna leɓen cikin madigadi sama a hankali, ana ɗumama fenti da iska mai zafi don kada ya tsage. Ana samun 'yan milimitoci masu amfani, kuma kaifin da ke yanka taya ya tafi. A sabuwar mota aiki ne mai sauƙi. A tsohuwa, bakin madigadin baya wuri ne da tsatsa ke so, kuma sau da yawa akwai fila, wato ƙullun da ake cike lotsawar bodi da shi, a ƙarƙashin fenti wadda za ta fashe da zarar an danna. A yawancin motoci madigadin baya haɗe yake da bodi, ba a kwance shi a sauya. Ka gwada da maganaɗisu tukuna. Inda bai kama ba, akwai fila. Kuma a wanke ƙasar da ta taru a leɓen, a shafa maganin tsatsa, kafin a rufe ta a ciki.

Daidaita aksil a tsakiya

Motoci irin su Toyota Corolla AE86 da Chevrolet C10 na 1960 zuwa 1972 suna da sandar Panhard, wadda ke riƙe aksil kada ya yi gefe. Sandar tana juyawa ne a baka, don haka idan kusurwarta ta sauya, aksil yana matsawa. Sanda mai milimita 900 da ta karkata da milimita 75 daga miƙe tana jan aksil kusan milimita 3. Idan nutsewa ta kai karkatar 125, ya zama kusan 9. Wannan ya isa ya sa gefe ɗaya guga. Sanda mai daidaituwa tana mayar da aksil tsakiya, mazaunin da aka sauya wa tsayi kuma yana mayar da sandar a miƙe. A motoci masu sifirin falle-falle kamar Ford Mustang na 1965, gajiyayyun bushin, wato robobin mahaɗar sifirin, da dogayen tubalan saukewa da ake sawa tsakanin aksil da sifirin su ne ke barin aksil yana lilo.

Mercedes W123, BMW 2002 da wasu nau'o'in Peugeot 504 salun ba su da doguwar aksil guda. Kowace tayar baya da hannunta. Idan aka sauke su, kan taya yana kwantawa ciki, abin da ke rage gugar waje amma ya ƙara cin taya ta ciki. A irinsu, a auna rabon motsi tsakanin taya da wurin robar da kyau, domin robar tana kan hannu ko a sandar shokazoba.

Sifirin mai ƙarfi, ko ɗaga motar kaɗan

Idan bayan lissafi motsin da ya rage bai taka kara ya karya ba, har motar tana zaune a kan roba tun tana tsaye da direba kaɗai, babu robar da za ta gyara wannan. Ko a sa sifirin mai ƙarfi tare da gajeriyar shokazoba da ta dace da shi, ko a rage kaurin tubalin saukewa. Ɗaga milimita 15 ido ba ya cika gani, amma a misalinmu ya mayar da 35 zuwa 50. Shokazoba mai iska da ake hurawa don ɗaga baya ba na ba da shawararta: tana ɗora nauyin mota a kan mazaunin da ba a yi shi don haka ba.

| Zaɓi | Gugar da yake magancewa | Tsada | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Robar asali | Sama | Araha | Matsakaici | Mai sauƙi | Kaɗan |
| Foliyuretan mai tauri | Sama | Araha | Sosai | Mai sauƙi | Duka, zamewar baya a kwana |
| Foliyuretan mai soso | Sama, ɗan waje | Matsakaici | Matsakaici | Sai an yi mazauni | Kaɗan idan an auna |
| Robar ɗaukar kaya | Sama, da lodi | Tsada | Sosai | Sai da fili | Tauri idan babu kaya |
| Rim ko taya | Waje ko ciki | Tsada | Dindindin | Mai sauƙi | Guga ta koma ɗaya ɓangaren |
| Nannaɗe madigadi | Waje | Matsakaici | Dindindin | Sai gwani | Fenti, tsatsa, ba a komawa |
| Sandar Panhard, bushin | Gefe ɗaya | Matsakaici | Sosai | Matsakaici | Kaɗan |
| Sifirin ko ɗagawa | Sama | Matsakaici zuwa tsada | Sosai | Aiki ne | Tauri idan an zarce |

Wanne ya dace da wa

Idan motarka ta sauka kaɗan ne, ƙarar kuma sai a babban rami, ka duba robar asali tukuna. Sabuwa, ko sabuwa da faranti a gindi, ta wadatar. Idan ta sauka sosai kuma kullum kana hawanta, ka nemi mai soso a kan gindi mai tauri, ka yi lissafin da awon gefe ɗaya sama. Mai motar nuni da ba ta cika fita ba, wanda burinsa kawai kada taya ta taɓa sabon fenti, mai tauri zai yi masa, amma ya san kwana a hankali ake shan ta.

Wanda alamar allinsa ta fito a bakin madigadi, ya fara da rim da taya. Nannaɗewa ta zo daga baya, kuma sai bodin yana da lafiya. Idan motar mai daraja ce da ba a taɓa ƙarfenta ba, a bar madigadin yadda yake. Wanda gefe ɗaya ke damunsa, ya auna daga taya zuwa shasi dama da hagu kafin ya sayi komai. Mai a-kori-kura ko wagon da ke guga sai da kaya, robar ɗaukar kaya ko ƙarin falle ɗaya a sifirin. Wanda kuma ya leƙa ya ga aksil zaune daram a kan roba mota tana fake, ya rage tubalin saukewa ko ya sauya sifirin, sannan ya dawo ya sake awon daga farko da tayoyin da zai yi tafiya da su.